Goyo Ba Ya Shiga Aji

Shekarar da na haifi ɗana na biyu aka zo mana da dokar. Ranar da na dawo daga hutun haihuwa, ko zama ban gama yi ba hedimasta ya kira ni ofishinshi, wanda rabinshi ofis ne rabi kuma ma'ajiyar karyayyun bencina. Dattijo ne mai kunya, saura ƙiris ya yi ritaya. Ya yi mani barka, ya tambayi maigida, ya tambayi mutanen Batsari, ya tambayi hanya, ya sake komawa kan barka. Da na ga gaisuwar ta ƙi ƙarewa, na sha jinin jikina.

"Malama, bayan tafiyarki an turo sabbin ƙa'idojin ma'aikata," in ji shi, idonshi na kan tebur. "Akwai maganar lokacin zuwa, da sutura, da riƙe waya a aji. Sai kuma guda ɗaya da ta shafe ki. An hana zuwa wurin aiki da jariri. Ko harabar makaranta ba a yarda ya shigo ba."

Na juya na dubi abin da ke bayana yana barcinshi. Na ce, "To ranka ya daɗe, a bishiya zan rataye shi?"

"Ki yi haƙuri, Malama. Ni ma haka ta zo mani."

Ni dai an san ni da baki, tun ina yarinya ba a taka ni in yi shiru. Amma me zan ce ma wannan bawan Allah? Ba shi ya rubuta ba. Waɗanda suka rubuta suna can ƙarƙashin fanka, kuma na rantse ko ɗaya cikinsu bai taɓa jin nono ya cika mashi riga yana tsakiyar koyar da lissafi ba.

Makarantar tamu tana wani ƙauye ne da ake ratsewa daga hanyar Wagini, ni kaɗai ce mace a cikin malamai. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka koma, ba a yin su kullum safe da yamma, don haka nake kwana a ƙauyen tun daga Litinin, sai Juma'a in hau kabu-kabu in koma Batsari. Maigidana manomi ne, gonarshi na can wajen Safana kusa da daji, ya daɗe bai iya leƙa ta ba. Aikina ne ke riƙe da gidan. Babban ɗanmu yana wurin uwar mijina, ita ma da kyar take iya wa kanta, balle jinjirin da bai san komai ba sai nono.

A gidan wata tsohuwa nake sauka, Inna nake ce mata. Tana da jika, marainiya, 'yar aji shida. Ni da ƙafata na yi ta zarya har aka bar yarinyar nan ta shiga makaranta, kamar yadda na yi ta shiga gida-gida a kan sauran 'yan matan. Kai, yarinyar nan akwai kai! Duk abin da ke da rubutu sai ta karanta shi, buhun taki ne, gwangwanin madara ne, bayan motar masu rigakafi ne. Ga musu. In na yi kuskure a allo ba ta bari ya kwana, sai ka ji, "Malama, ba haka kika ce jiya ba." Wani lokacin kamar in make ta, amma a raina daɗi nake ji. A shekarar za su rubuta jarrabawar shiga sakandare, kuma duk ajin ita na fi sa wa rai.

Da na faɗa ma Inna dokar, ko a jikinta. Ta ce, "Mi ya yi zafi? Ki bar mani shi nan." Na ji sanyi. Washegari da safe na shayar da shi, na shimfiɗe shi kusa da ita. Na ga yarinyar ba ta sa kayan makaranta ba, Inna ta ce in wuce, tana tafe. Aka yi fareti, aka shiga aji, babu ita. Ana buga ƙararrawar tara na ruga gida don in ba shi nono. Ita ma fitar doka ta hana, hedimasta ne ya kau da kai.

Ina shiga na tarar da ita tsakar gida, ɗana ɗaure a bayanta, tana jijjiga shi tana tankaɗe.

"Ke! Me kike yi nan? Ina makarantar?"

Inna ce ta amsa daga bakin ɗaki, har da murmushinta, irin na wadda ta yi abin kirki. "Na ba ki ita, Malama. Ni gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi, in ya fara kuka ba ni iya tashi. Ga ɗiya zaune, sai a kore ki daga aiki? Ai reno nata ne."

Innalillahi! Ranar na manta da girman furfura. Na ce, "Inna, ni na ce ki ba ni? Yarinyar da na sha rana a kanta, ita za ki cire ki ɗaura ma ɗana?" Tsohuwa ta yi sororo, ita a ganinta kyauta ta yi mani wadda ba a yi ma kowa. Na kwance yaro, na saɓa shi a bayana, na ja hijabi na rufe, na tasa yarinya gaba har aji.

Haka muka yi ta yi. Ina koyarwa, yana bayana cikin hijabi, yara sun sani, malamai sun sani, kowa ya kama bakinshi. Hedimasta in ya hango ni sai ya sauya hanya. Har na fara cewa dokar ma irin sauran ce, za ta tsufa a bango ta yage.

Ai kuwa sai ga mai duba makarantu, babu sanarwa. Saurayi ne, tsaf da shi, takalminshi ko ƙura bai ɗauka ba. Ya shigo ajina ya zauna a baya. Ina cikin bayani, ina roƙon Allah a zuci, sai ɗan nan ya tsanyara kuka daga cikin hijabi. Yara suka ƙyalƙyale. Shi bai yi dariya ba.

A ofishin hedimasta ya ce mani, "Hajiya, kin san ƙa'ida?"

"Na san ta. Kai ka san wanda zai riƙe mani shi?"

"Wannan ba hurumina ba ne."

"To hurumin wa ne? Faɗa mani in je in same shi. Ajin nawa ka ga ba a karatu? Tambayi yaran abin da ka ga dama!"

Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona mani rai ke nan. Ya ce shi ma aiko shi aka yi. Ya ba ni takardar tuhuma, ya ba hedimasta tashi, ya ce in aka sake samu, dakatarwa ce. Bayan ya tafi hedimasta ya juyo wurina. Ya ce, "Malama, ki rufa mani asiri in gama lafiya. Ina da iyali." Wallahi tausayinshi ya fi tsoron takardar kama ni.

Na je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma na nemi a mai da ni cikin gari, inda ko maƙwabta na samu. Jami'in da na tarar ya ce ba zai yiwu ba, ƙa'ida ce kowace makaranta a samu malama mace, ni kaɗai ce a can, babu wadda ta yarda ta je. Na ce to yaron fa? Ya ce, "Ki nemi 'yar reno mana, kamar kowa." Na ce, "Malam, 'yar reno a ƙauye 'yar makaranta ce. Duk yarinyar da ta isa goyo tana ajina ko ajin da ke ƙasa da nawa. Ku ne kuka ce mu shiga gidaje mu kawo su." Ya gyara hula, ya ce wannan ba ya cikin abin da aka rubuta. Na fito ina huci, har na wuce tasha ban sani ba.

Ban haƙura ba. Na roƙi wata matar aure a maƙwabta, ita ma da nata goyon. Ta karɓa don kunya, tana cewa ita ba ta taɓa jin inda matar aure ta yi reno ga yara mata cike da gari ba. Ba a yi nisa ba ɗana ya kama gudawa, ashe in ya yi kuka ruwan randa take ɗura mashi da jiƙo. Idonshi ya faɗa, wuya ya saki. Da kyar muka kai shi asibitin Batsari, kuma Allah ya yi da sauran kwananshi. Ina zaune bakin gadon na yanke cewa aikin nan na bar shi, kowa ya huta.

Labari ya riga ni isa ƙauye. Mai gari ya aiko a kira ni. Na durƙusa a zaure na gaishe shi, dattawa na gefe. Ya ce, "Malama, mun ji za ki tafi. In kin tafi, 'yan matan nan da suka fara girma gida za su koma, don ba mu barin su hannun maza zalla. Ke kika ce mu ba ki su, muka ba ki." Na ce, "Allah ya ja zamaninka, to yaya zan yi?" Ya ce, "An ba ki mai reno kin ƙi. Yarinya ɗaya ce. Ki dubi sauran."

Yarinya ɗaya ce! Na duba ta ko'ina. In na tafi, 'yan mata su watse, gidana ya rasa abinci. In na shiga da goyo, a dakatar da ni, a haɗa da dattijo. In na zauna, ita ce. Duk wanda na je wurinshi yana da gaskiyarshi a hannu, kuma duk gaskiyar a kan yarinyar nan take sauka.

Ranar Litinin na shayar da shi, jikar Inna ta miƙo hannu da kanta ta karɓe shi.

Na yi mata alkawarin zan riƙa koya mata da la'asar. Mun fara kuwa. Amma wanda ya yini da goyo, ya ɗebo ruwa, ya yi surfe, ina sauran kai? Sai in ga tana gyangyaɗi a kan littafi. Da farko takan zo ta tsaya gindin darbejiyar da ke bayan ajinmu, daidai inda harabar ta ƙare, tana jijjiga shi tana sauraro ta taga. In ya yi kuka ta yi nisa da shi, in ya yi shiru ta dawo, darasi ya wuce ta. Ina ganinta ina rubutu a allo, alli na karyewa a hannuna don haushi. Daga baya zuwan ya ragu. Musun nan nata ma ya tafi, komai na ce sai ta ce to. Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo a wurina.

Da lokacin jarrabawa ya zo, babu sunanta. Na tasar ma hedimasta kamar zan cinye shi. Ya bari na gama, ya ce ɗalibin da ya yi zangon karatu guda bai zo aji ba ba a tura sunanshi, kuma mai duba makarantu ya sake zuwa ya ga rajista da idonshi. Na ce, "A bayan tagata take!" Ya ce, "Na sani, Malama. Bayan taga ba aji ba ne." Yana faɗa yana share ido da bakin rigarshi.

Cikin garin Batsari ake rubuta jarrabawar, kuma ni aka ce in raka 'yan mata, tunda ni ce mace. Rakiya aiki ce, goyo ba ya zuwa. Da safe a-kori-kura ta tsaya bakin makaranta, 'yan ajinta suna ta hawa, an sha wanki, kowa da fensir sabon fiƙe. Ta biyo ni har gindin mota. Na ba shi nono a tsaye, na miƙa mata, ta juya ta ɗaure shi, ta gyara zani. Ƙawayenta na kiranta daga sama, ta ɗaga masu hannu.

Har na sa ƙafa zan hau ta riƙo hijabina. A hankali ta ce, "Malama, in an gama ki zo mani da takardar tambayoyin. In gani ko da na iya."

Na ce to.

Ana gamawa masu tsaron jarrabawa suka bi tebur-tebur suka kwashe takardun. Na roƙi babbansu guda ɗaya, wadda ta yi saura, ko yagaggiya ce. Ya ce ƙa'ida ta hana a fita da ko ɗaya. Ban yi faɗa ba. Faɗan ya ƙare mani.

Da yamma muka iso. Tun daga nesa na hango ta bakin hanya, ita kaɗai, da goyo. Yara suka dira suna ta surutu, wannan ya ce lissafin da wuya, wannan ta ce ta gama kafin kowa. Ita ba su take kallo ba. Hannuna ta duba, na dama, sannan na hagu, sannan jakata.

Ta kwance shi ta miƙo mani. Ta ce, "Ya sha kunu, bai yi kuka ba." Ta naɗe majanyin ta ɗora mani a kafaɗa, ta ce Inna na jiran ruwa, ta juya ta tafi.