Kwana Shida Ina Jiran Bizit

Lokacin da na samu aikin koyar da Turanci a wata makaranta a Damagaram, ba barin Dutse ne ya fi tayar mini da hankali ba, motata ce. Tsohuwa ce, ta mahaifina ce kafin ya rasu, kuma ban taɓa tunanin zama a wani gari ba tare da ita ba.

Shugaban makarantar ne ya yi mini bayani a waya. Ba zan rantse cewa haka dokar take ga kowa ba, amma ga abin da ya ce da ni: "A kan iyaka za su ba ka takardar shiga ta 'yan kwanaki. Kafin ta ƙare sai an yi wa motar bizit. In babu bizit, sai dai ta koma gida."

"Bizit, ranka ya daɗe?"

"E, bizit. Ai ka gane."

Na ce na gane. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta Turanci, kunya ba za ta bar ni in nemi fassarar kalmar da 'yan firamare suka sani ba. A Turancin da na iya, ziyara take nufi. Sai na fassara wa kaina cewa ma'aikata ne za su zo har gida su duba motar. Har na yaba wa ƙasar a raina.

Na kai motar wurin bakanikenmu da ke bayan tasha, wani dattijo abokin mahaifina. Na ce, "Baba, a duba komai da komai, baƙi za su zo ganin ta a can."

Ya leƙo daga ƙarƙashin bonet. "Baƙi? Aurar da ita za ka yi? To ai sai a sa mata lalle."

"Hukuma ce, Baba."

"Malam, motar nan ta girmi digirinka. Ba ta tsoron hukuma, kai ne dai kake tsoro."

Duk da haka ya duba birki, ya canza mai, ya sa na yi ta kunna fitilu ina kashewa. Na roƙe shi ya sake duba birkin. Ya sake, yana gunaguni.

Matata ta sayi sababbin kofunan shayi da darduma. Muka biya ta Aujara yi wa Inna sallama, da ta ji ana maganar manyan baƙi sai ta sa aka kama mana zabbi biyu. Ta ce ba a tarbar hukuma da ruwa zalla. Haka muka bi ta Gujungu da Gumel har Maigatari, zabbin suna ihu a bayan mota, ni kuma ina taɓa aljihu kowane ɗan lokaci ko takarduna suna nan.

A Damagaram makaranta tana hutu, don haka ba ni da wani aiki sai jira. Kullum da safe na wanke motar, na goge har tayoyi, na sa babbar riga, na shimfiɗa darduma a zaure. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai na miƙe. Na so in kira shugaban makarantar in ji ranar da za su zo, sai na ga kamar zai ce ina gaggauta wa hukuma. Na fasa.

A rana ta shida mai gidan da muke haya, wani tsohon direban babbar mota, ya tsaya a kaina.

"Malam, kai kullum kamar mai jiran surukai. Lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji. Masu bizit nake jira. Wataƙila aiki ne ya yi musu yawa."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya dubi kofunan da aka jera a kan faranti. Sai ya zauna a dakali yana dariya har hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗan Najeriya! Su wa za su zo? Mota ake kaiwa can bayan gari, a hau da ita kan rami. Kawo takardar in gani."

Kwana ɗaya ya rage mata. Na fara hango kaina a hanyar Maigatari ina mayar da motar, ina neman abin da zan faɗa a Dutse. Alhaji ya ce in kwantar da hankalina, gobe zai raka ni. Zabbin kuwa, ya ce baƙinsu sun riga sun iso, shi ne da maƙwabta.

Da sassafe muka shiga layi. Da aka zo kanmu na hau da motar kan dogon ramin nan a hankali, Alhaji yana gefena. Mai dubawa ya sauka ciki da tocila. Na ji yana ƙwanƙwasa ƙarfe nan da can. Can sai muryarsa ta taso daga ƙasa.

"Mushe!"

A Dutse mushe shi ne abin da ake ja da igiya a jefar a bayan gari. Na leƙa ta taga na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda tsohuwa ce, kuma mai yiwuwa akwai tsatsa kaɗan. Amma wallahi ba mushe ba ce. Da ƙafarta ta zo daga Dutse."

Sai kan mutumin ya ɓullo daga ramin yana kallon Alhaji.

Alhaji ya dafa kafaɗata. "Kai yake kira, Malam. A nan duk malamin makaranta mushe ne, girmamawa ce. Cewa zai yi ka taka birki."

Na taka, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Birki ya yi kyau. Amma fitilar birki ta hagu ba ta kama ba, ina jin gargadar hanya ce ta zare mata waya. Mai dubawar ya ce ba zai buga hatimi ba sai ta kama, kuma in aka tashi aiki shi ke nan.

Akwai mai gyaran wayoyin mota a tsallaken titi, amma mota huɗu na gabana. Na tsaya a kansa ina ta ba shi haƙuri ba tare da na yi masa laifin komai ba, har ya gaji ya bar abin da yake yi ya zo. Bai fi minti biyar ba ya gama. Muka koma layi daga baya, rana tana dukan gilas. Bayan azahar muka sake hawa ramin, na taka birki, aka ce ta kama. Ya buga hatimi ya miƙo mini takardar yana murmushi, ya ce in gai da mutanen Dutse.

A hanyar komawa gida Alhaji ya sa na tsaya a wurin mai faci, da wurin mai nama, da ƙofar wani amininsa, ko'ina ya sauka ya ba da labarin tun daga kofunan shayi. Na ce, "Alhaji, ko a bar shi haka nan?"

Ya ce, "Ja mu je, Malam. Saura majalisar bakin kasuwa."