Guntun bulo a cikin fawa sufulai

Jama'a, yau na sayo bulo a garin Rufa'a na Sudan ban sani ba!

Na je suk, wato kasuwa, neman fawa sufulai, akwatin da ke ba kwamfutar gem ɗina kahraba, wato wutar lantarki. Yayana da ya aiko min kwamfutar ya ce in zaɓi mai nauyi, shi ne na ƙwarai. Na ce wa mai shago mai nauyi nake so, ya ɗora min ɗaya a hannu. Ya ce, "Ya zol, abokina, ji nauyi!"

Ina kunnawa a gida, tau! Hayaƙi! Kwamfuta ta ɗauke ɗif. Na kwance akwatin, sai ga guntun bulo manne a ciki!

Na koma wurin mai shagon na dangwara mashi bulon a tebur. "Mene ne wannan, macuci?"

Ko kunya babu, ya ce, "Ai kai ka ce mai nauyi."