Ƙofar Baba Sallau da Na Shafa wa Kore

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar Baba Sallau baduku, mutumin Damagaram, wanda ya sauke ni a Libreville. Duk shekara idan watan ya kama nakan ba da sadaka in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa, domin ni ma na kai shekarun da ya kai, kuma waɗanda suka san abin da ya faru duk sun riga ni tafiya.

Na zo Gabon lokacin da man fetur ya buɗe wa ƙasar baki. Ana ta gine-gine, otal-otal suna tashi a bakin teku, Turawa suna sauka kamar an kira su. Ni kuwa ban zo da komai ba sai jaka ɗaya da suna ɗaya. Wani ɗan kasuwa a Kano ya ce mini in na isa kasuwar Mont-Bouët in tambayi Sallau baduku. Haka muke tafiya a lokacin: ba ka riƙe takarda, mutum kake riƙewa. Baba Sallau bai san ni ba, bai san ubana ba. Ya ba ni tabarma a ɗakinsa, ya nuna mini tasin da zan hau da wadda zan bari ta wuce, ya raka ni ofishin takardun zama har sau huɗu, ya tsaya mini na sami shago a bakin layinsu, bayan masallaci. Ranar da na buɗe shagon ya ɗinka mini alabe na jar fata, ya ce ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi a aljihun riga.

Shagonsa ne na uku a hannun hagu, mai shuɗiyar ƙofa. Wata shekara wani Bature mai littafin rubutu ya zo ya yi kwana uku yana zama wurinsa, yana shan shayi yana kallon basilla tana shiga fata tana fita. Muka ɗauka zaman banza yake. Ashe irin masu rubuta littafin jagorar matafiya ne. Da shekara ta zagayo sai muka fara ganin baƙi, ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, kowa da littafi a buɗe, yatsa a kan shafi. Wani mai jagorar baƙi ɗan ƙasar, Mishe Andire, ya karanta mini wurin: bayan masallaci, shuɗiyar ƙofa, dattijo mai ɗinki a gabanka, zai ba ka shayi. Ba a daɗe ba motocin otal suka fara sauke ayari guda, domin su ma waɗanda ake yawo da su a rukuni sun karanta littafin, sun matsa a kai su.

Ni mutum ne mai lura, da ita na ci abinci duk rayuwata. Abin da na lura shi ne baƙin nan ba kaya suke dubawa ba, littafin suke gwadawa. Masu tafiya su kaɗai sun fi kowa raina 'yan ayari, suna cewa su ba a jan su kamar tumaki, amma shafi ɗaya ne yake jan su duka, kuma inda suka ga motar otal ta tsaya nan suke nufa. Sukan wuce shagona ba su ko juyo ba. Idanunsu ƙofa suke nema.

Da damina Baba Sallau ya tafi gida ganin iyali na wata biyu. Ya bar mini mabuɗi, ya ce in riƙa duba ƙofar, ruwan garin nan yana cin katako. Na sayo fenti gwangwani biyu. Na shafa wa tasa kore, na shafa wa tawa shuɗi. Na ajiye butar shayi a bakin shago, na sayo jakunkuna da alabe daga Douala, irin waɗanda ake liƙawa da gam a yi musu ɗinkin ado a sama, na zauna da fata a cinya da basilla a hannu, ni da ban iya ko ɗinke takalmina ba. Mishe Andire ya gani ya yi dariya. Ya ce shi ya fi masa, bakin layi ya fi kusa da mota.

Da Baba ya dawo ya tsaya ya dubi ƙofarsa, ya dubi tawa, ya yi mini godiya a kan fentin. Ba ya karanta Faransanci, sai na gaya wa kaina bai san komai ba. Baƙinsa suka ɗauke. Ya koma ɗinka wa 'yan uwanmu kube da gyaran takalma. Kullum da safe ina gaishe shi yana amsawa, ranar Juma'a mu ci tuwo a kwano ɗaya.

Wata rana bayan azahar wata Baturiya ta zo ita kaɗai. Ta dubi littafi, ta dubi ƙofa, ta tambaye ni ko ni ne Sallau. Na gyaɗa kai, kamar yadda na saba. Sai ta fito da wata jaka da maɗaurinta ya tsinke. Ta ce mijinta ne ya saya mata a wurina shekaru biyu da suka wuce, shi ya rasu, tana so hannun da ya ɗinka ya gyara, a gabanta, yadda littafi ya faɗa. Na karɓi jakar na gane ɗinkin Baba ne. Na zauna da basilla a hannu ina zufa, ban san ta inda ake farawa ba.

A daidai nan Baba ya fito daga masallaci. Ya ji sunansa a bakin matar, ya ga jakar. Ya tuɓe takalmi ya zauna a dokin ƙofata, ya miƙo hannu, na ba shi. Matar ta tambaya ko wane ne wannan. Bai ɗago kai ba ya ce da ni da Hausa:

"Ka ce mata ma'aikacinka ne. Kada ka kunyata gaban baƙuwa."

Na faɗa mata haka. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace yi mini nauyi a cikin duk abin da na taɓa faɗa a kasuwa, kuma na faɗi da yawa. Ya gama gyaran, ta yi mini godiya, ta ɗauki hotona a jikin ƙofar. Da ta tafi ya tashi yana kakkaɓe riga.

"Habu, da ka tambaye ni ai da ba ka sayi fenti ba. Akwai ragowar shuɗin a ƙarƙashin gadona."

Bai sake tayar da zancen ba. Ni ma ban tayar ba, kuma ban sake wa ƙofar launi ba. Na ce sai bayan Kirsimeti, lokacin da baƙi suke raguwa. Daga baya na ce sai na ƙarasa ginin da na fara a unguwar Alibandeng.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne littafin ana sake buga shi. Mishe Andire ya zo da sabon bugu, wannan karon ba ya dariya. An rubuta cewa shagon Sallau ba kamar da ba ne, aikinsa ya lalace, kayansa suna ɓallewa kafin matafiyi ya isa gida, a wuce shi. Cikin wata guda baƙin suka ɗauke daga layin gaba ɗaya, 'yan ayari da masu tafiya su kaɗai, kamar yadda suka zo. Ni ban yi asarar kirki ba, na koma sayar da atamfa, na ci gaba. Shi kuwa sunansa ne aka buga, a kan gam ɗin da na sayar. Ban karanta masa ba. Ya rufe shago ya koma Damagaram, bayan shekara biyu labarin rasuwarsa ya iso mana. Na yi niyyar zuwa neman gafararsa tun yana raye, hidimar shago ta riƙe ni. Haka nake faɗa wa mutane. Gaskiyar ita ce ban iya haɗa ido da shi ba.

Yanzu littafin ya koma cikin waya. Ina zaune a shagon da ɗana yake gudanarwa, ina ganin baƙi suna tafe kai a sunkuye, suna bin taurarin da wasu baƙin suka ba wuri. Har ɗan nawa yakan roƙi mai saye ya ba shi taurari biyar. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Ina jin ba zai zagi wayar ba, kamar yadda bai taɓa zagin littafin ba. Zai dai tambaya, in mutum ya ɓata a garin nan, a cikin taurarin wanne ne zai ba shi tabarma.

Alaben da ya ɗinka mini yana aljihuna. Fatar ta yi baƙi, zare ko ɗaya bai tsinke ba. Na san waɗanda suka karanta wancan littafin ba za su karanta wannan jarida ba, kuma a wani ɗakin ajiya a ƙasar Turawa akwai hotona da sunan wani a ƙasansa. Duk da haka bari in gyara abin da zan iya gyarawa. Aikin Sallau bai taɓa lalacewa ba. Wanda ya sayi jaka a bakin layi ta ɓalle masa, a hannun Habu ya saya. Shagon Sallau shi ne na uku a hannun hagu, kuma ƙofarsa shuɗiya ce kafin in taɓa ta.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka yafe mini kafin ka tafi.