Karan da Mai Dami Ya Raba

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Mai Dami kowa ke kiransa, har jikokinsa. Shi rogo ba ƙwayarsa ake shukawa ba, karansa ake yankawa a binne, to da zarar ruwa ya sauka sai ka ga tsohon nan da damin kara a bayan keke, yana bi gida-gida yana rabawa kyauta. Irin da ya gada ne wurin mahaifinsa, kuma duk gonar da ke yankin, in ka bincika, daga hannunsa irinta ya fito. Bai tara komai a duniya ba sai wannan sunan, kuma wallahi yana ji da shi.

Autarsa ce ta kawo masa ciwon kai. Tana aiki a wata cibiyar binciken noma, inda suke ɗaukar garin furen wani rogo su shafa wa wani, su tsinki ganyen 'ya'yan su duba a na'ura wanne ya gaji ƙarfin jure cuta. Ranar da ta yi masa wannan bayani, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Wato Auta, duk karatun nan da kika yi, aure kike ɗaura wa rogo?"

"Baba, akwai cutar da ke tafe. Ganye na iya yin kyau, saiwa tana ruɓewa a ƙasa. Kuma a jikin kara take yawo."

"A jikin karan wa? Nawa?"

Ta ajiye masa damin sabon iri, ta koma bakin aikinta. Shi kuwa, don ya nuna mata matsayin kayanta, sai ya kakkafa karan ya toshe ɓarakar shingen makewayi. Nasa irin ya ɗora a keke kamar kullum. Shekarar ma ya fi rabawa, don ya ba Gwaggo, matar marigayi amininsa, wanda ya ishi gonarta kaf, ita da ke riƙe da marayun jikoki.

Gonaki suka yi kore shar, abin gwanin sha'awa. Da lokacin haƙa ya yi, ya fita da hantsi, ya tumɓuke gindi guda. Saiwa manya-manya, kamar damtsen ƙato. Ya sa wuƙa ya tsaga ɗaya don ya ɗanɗana.

Innalillahi! Ciki ruwan ƙasa, busasshen ruɓa, kamar tsohon icen da gara ta ci. Ya jefar, ya tsaga wata. Haka. Ya ruga ƙarshen gona, tsoho da shi, ya tumɓuke wani gindin. Haka dai. Ya zauna daɓas a kan kunya, wuƙa a hannu, bakinsa a buɗe. Ba gonarsa ce ta fara faɗo masa a rai ba. Keken ya tuna, da ƙofofin da ya tsaya yana sallama ɗaya bayan ɗaya, ana yi masa addu'a.

Bai koma gida ba, gonar Gwaggo ya nufa. Ya same ta zaune cikin tsagaggun saiwa, ta zuba tagumi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shin ya huta. Ɗago kai kawai ta yi.

"Mai Dami, me zan ba yaran nan?"

Ya juya ya kama hanyar gida.

Yana shiga gida ya wuce makewayi don ya watsa ruwa ko zuciyarsa ta yi sanyi, sai ya ci karo da shingen. Karan Auta ya sha ruwan wanka ya yi tsiro, har ya fi shi tsawo, shi kuma kullum yana wucewa yana tsaki. Ya tsaya yana kallo. Sannan ya ɗauko fartanya ya haƙa gindi ɗaya, ya tsaga. Fari tas, ko ɗigo babu. Haba, sai hawaye. Abin da zai tsare masa unguwa, ashe shekara guda yana tsare masa bayan gida.

Ya kira Auta a waya. Tana ɗauka ya ce, "Nawa za ki iya samo mini?" Ba ta ce ai na faɗa maka ba, Allah ya yi mata albarka. Ta dai ce a ƙone tsohon karan duka, kar a bar ko ɗaya. Da hannunsa ya cinna wa irin mahaifinsa wuta, ya tsaya a wurin har ya zama toka.

Da ruwa ya sake sauka, ya sare shingen, ya ɗaure dami, ya tura keke ƙofar Gwaggo. Ya yi sallama. Ta fito, ta dubi damin, ta dube shi, amma ba ta miƙo hannu ba. Tunda yake rabon kara, ba a taɓa barinsa tsaye haka ba.

"Ka duba cikinsa?" ta tambaya.

Ya durƙusa, ya ciro saiwa daga buhu, ya tsaga a gabanta, ya miƙa mata ɓari biyun. Ta jujjuya su, ta ɓalli kaɗan da farce, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sunkuya ta zari rabin damin.

"Sauran kai wa wani," ta ce. "Ni bana rabin gona zan ba ka."