Fuskar da Inna Ba Ta Gane Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da na raka wani alhaji Tibiri gaida mahaifiyarsa ba, kuma har yau ba ni da tabbacin na fahimci abin da na gani.

Shekarar da soja suka yi alkawarin mai da mulki ga farar hula ce, gari ya cika da hotunan 'yan takara. Ban daɗe da gama karatun jinya a Yamai ba, ina aiki a wani ƙaramin kilinik a wata unguwar garinmu da ake kira Zariya. Likitarmu ta koyo wani aiki a waje: a shafa wa fuska ruwan asid, tsohuwar fata ta mutu ta saɓule, sabuwa ta fito babu tabo. Da an shafa, fatar takan yi fari fat kamar an barbaɗa toka. Bayan kwanaki ta yi baƙi, ta bushe, ta ƙame kamar kirgi, sannan ta fara tsagewa.

Alhaji babban ɗan kasuwa ne mai neman kujerar depite a majalisar ƙasa, tabon ƙuraje ya ɓata masa kumatu. Likita ta yi masa tambayoyin da aka saba: ko yana shafa man bilicin, ko yana da ciwon suga. Ta hana shi shiga rana, ta hana a taɓa fuskar. Ni na riƙe agogo da ruwan wankewa. A iya sanina, ba mu yi kuskure ba.

Fuskar na tsakiyar ƙamewa aka aiko daga Tibiri cewa jikin tsohuwa ya yi tsanani. Likita ta ce in bi shi da man shafawa, in tabbatar ya rufe fuska da rawani.

Mun isa da hantsi. Sai a ɗakin na san makauniya ce, kuma 'ya'yanta da hannu take gane su. Alhaji ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ne."

"Auta? Matso in ji ka."

Na buɗe baki in hana, na kasa. Ya kwance rawanin. Yatsunta suka bi goshinsa, suka gangaro suna neman tsagen Gobir da aka yi masa yana jinjiri. Busasshiyar fata ta shafe su. Wani ɓalli ya ɓamɓare ya maƙale mata a yatsa. Ta murza shi, ta kai hanci.

"Wanga ba Auta ba ne," ta ce a hankali. "Na wanke gawa da yawa, na san wagga fata. Yaushe ya rasu ba ku faɗa mini ba?"

"Inna, magani ne. Ga yaron likita nan, ki tambaye shi."

Na yi bayani da muryar da ni kaina ban yarda da ita ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ɗana, kai ma kana jin shi yana magana?" Na ce ina ji. Ta ce, "To Allah shi tsare ka." Ta juya bango, ta fara yi wa Auta addu'ar mamaci, shi kuwa yana durƙushe a gefenta.

Mai yiwuwa zafin ciwo ne ya rikita ta. Haka likita ta ce, kuma ban musa ba. Amma ta gane kowa ranar, har direban Alhaji.

Ta rasu kafin fatar ta gama zuba. Fuskar Alhaji ta fito sumul, tsagensa raɗau, aikin da ya fi kowane kyau a wannan shekara. Ya zo dubawa ta ƙarshe, na miƙa masa madubi, ya kife shi a kan tebur.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, za a koya muku ƙarfin asid da irin fatar da ke jure shi, kuma ku riƙe wannan da kyau. Ni dai tun daga lokacin, kafin in buɗe kwalba, nakan tambayi mutum ko akwai wani tsoho ko majinyaci da ke jiransa a gida. In akwai, nakan ce ya je ya gaishe shi da fuskar da ya sani, asid ba ya gudu.