Jajayen Kara Bakwai a Gonar Baba Sanda

Har yau ban manta ranar da kalmar “bauɗaɗɗe” ta yi mini nauyi a baki ba. Daminata ta biyu ce a aikin malamin gona, ofishinmu yana Tambuwal, ni kuma aka ba ni gonakin iri na wajen Jabo.

Ga wanda bai san aikin ba, gonar iri ba ta ci ba ce. Mukan ba manomi dawa iri guda ya noma, a raba wa jama'a baɗi. Sau uku muke zagayawa kafin girbi, duk karan da ya saɓa wa 'yan'uwansa a tsawo ko launi mu rubuta shi a takarda, bauɗaɗɗe, mu tumɓuke kafin ya yi fure. Idan babban jami'inmu ya tarar da ko ɗaya, an soke gonar, manomin ya fita daga tsarin.

A gonar Baba Sanda, wani dattijo mai kula da aikinsa, na ga kara bakwai jajaye a kusurwar gabas, iska tana kaɗa su kamar 'yan mata sun sha lalle. Na faɗa masa sunansu a wurinmu, na sunkuya zan tumɓuke. Sai ya riƙe mini hannu.

“Mi kac ce sunansu, ɗana?”

Na maimaita. Ya yi murmushi ya ce ba ɓata suka yi ba, shi ya shuka su. Karan dafi ne, irin da matarsa Hajo take rina kabar faifai da shi. Shekara arba'in tana yafa shi a wannan kusurwa, bara ta rasu, ya sami sauran irin ƙulle a bakin zanenta.

“Nan take zama in ta kawo man hura,” in ji shi. “In na ɗaga kai, ja nika gani.”

Ni da na girma ina karanta littattafan soyayya, ban taɓa cin karo da wadda ta kai wannan ba. Amma jami'inmu zai zo nan da kwana uku, kuma gonar irin ita ce mutuncin Baba Sanda a garin. Na yi masa bayani dalla-dalla, ban rage kome ba. Da na gama, ya ce in yi aikina, shi zai juya baya.

Ban iya ba. Karan bai wuce gwiwa ba, ƙasa kuma a jiƙe take da ruwan jiya. Na ari fartanyarsa na haƙo su da saiwarsu, muka datse bakin ganye yadda ake yi wa dashe, na goya shi a babur yana rungume da su. Muka dasa su bayan ɗakin Hajo, nesa da gonar. Biyar suka kama.

A takarda na rubuta gaskiya: bauɗaɗɗu bakwai, an cire. Jami'i ya zo ya amince da gonar.

Ku da kuke shigowa aikin nan, kalmar tana da amfani, don ita ke tsare irin jama'a. Sai dai abin da take nufi kawai shi ne karan ba a layinsa yake ba. Tun ranar, kafin in miƙa hannu, nakan fara tambayar mai gona wa ya shuka shi.