Tayar Ƙonni da Ƙafar Abokina

Shekarun baya na sa wa babur ɗina tayar baya da ta fi ƙarfinsa. Na yi kurakurai da dama a rayuwa, wasu ma sun fi wannan girma a idon mutane, amma da za a ce in nuna guda ɗaya a goge mini, wannan zan nuna. Ni na yi wautar, amma a ƙafar wani ta ƙare.

Lokacin ina 'yar sana'ar albasa. In bi Lafani da Garu da Kalmalo in sayo, in ɗaura a kariyar bayan babur in kawo Illela. Wanda ya san hanyoyin nan ya san rairayi. Kana cikin tafiya sai ƙafar baya ta nutse, ka sauko kana turi, rana na dukanka, masu jakuna su wuce suna yi maka sannu. Wannan sannun ta masu jakuna ita ta fi ƙona mini rai.

Wata rana na tsallaka Ƙonni sai na ga wata taya rataye a bakin shago. Faffaɗa, mai manyan haƙora, irin ta manyan baburan nan da ake shiga daji da su. Na tsaya ina shafa ta. Mai shagon ya lura da ni.

"Wagga taya bisa rairayi kamar raƙumi take tahiya," in ji shi. "Ka sa ta, ka manta da turi."

Ban tambaye shi ko ta irin babur ɗina ce ba, shi ma bai tambaye ni wane iri nake hawa ba. Na rataya ta a kafaɗa na dawo gida.

Bakanikena ya juya ta, ya dubi babur, ya dube ni.

"Maigida, wagga ai ba ta wanga mashin ba ce. Dubi rim ɗinka, siriri."

"Ni ba tarihi nit tambaye ka ba. Tana shiga ko ba ta shiga?"

"In an matsa mata tana shiga."

"To matsa mata."

Ya matsa mata. Da ƙyar ta hau rim, kuma da aka ba ta iska, maimakon ta baje sai ta kumbura sama kamar tulu, don ƙarfen da take zaune a kai bai kai faɗinta ba. Da aka mayar da ƙafar sai gefen tayar ya riƙa gogar murfin sarƙa. Na ce a cire murfin. Aka cire. Sai ya rage madigadi, wanda ya sauko dab da ita. Bakanike ya sa guduma ya ɗan buɗe shi, sannan ya zura yatsu biyu tsakani ya ce, "Ga abin da ar rage. Yanzu ba kowa bisa kai hwa." Na ce na ji. Gaskiya ban ji ba, hankalina yana kan yadda babur ɗin ya yi kwarjini daga baya.

A tasha kuwa na samu abin da nake so. Masu babura suka kewaye ni, wannan ya danna tayar da babban yatsa, wancan ya tambayi inda na samo. Aka sa wa babur ɗin suna Ingarma. Ga furfura ta fara fito mini a gemu, amma na tsaya ina washe baki kamar wanda aka yi wa sabuwar riga.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, Ingarma ya yi nauyi. Tashi sai da lallashi, mai kuwa kamar ana zubarwa. In na zo kwana sai in ji bayan yana gardama, ni ina son hagu shi yana tunani. A rairayin ma bambancin bai kai yadda aka yi mini alkawari ba. Kuma duk ranar da na ɗora buhu, in na sauke sai in ga baƙin gari a cikin madigadi, kamar an kankare gawayi. Daga baya na ga wani siririn layi ya zagaye tsakiyar tayar. Akwai notin da ke riƙe da kariya, kansa ya leƙo ta ƙarƙashin madigadi. In kaya ya danne sifirin ɗin ƙafar baya, sai tayar ta kai gare shi ya riƙa yankar ta. Na gani da idona. Na ce taya mai kauri irin wannan, yaushe ɗan noti zai cinye ta?

Ina da aboki Bafulatani, rugarsu tana bayan Kalmalo. Tun muna samari muke tare, wurinsa nake ajiye 'yan tumakina. Ni ina ce masa Ɗan Fillo, shi yana ce mini Kaɗo. Mutum ne na tafiya. Kowace shekara in ruwa ya sauka yakan kora shanunsu arewa, cikin Nijar, a ƙafa, sai kaka ya dawo. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba. Abin da ya iya shi ne bin shanu, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa kwana a bayan garke don gajiya ba.

Shekarar, Babbar Sallah ta faɗo gab da damina. Yana da rago da yake so ya sayar kafin su tashi, sai na ce kada ya wahala, zan zo in ɗauke su ranar kasuwa. Na isa ruga da hantsi. Ya zagaya babur ɗin yana riƙe da sandarsa.

"Kaɗo, wanga babur naka ciki gare shi?"

"Ƙauyanci dai. Taya ce ta zamani."

"To Allah shi sauke shi lahiya."

Aka ɗaure ƙafafun ragon, abokina ya hau baya, aka ɗora masa shi a cinya ya rungume. Rago ne ƙosasshe. Ina jin yadda babur ɗin ya zauna, na kuma ji wani ɗan ƙara daga baya da muka tashi, kamar ana jan zarto a hankali. Na ƙara mai don ƙarar inji ta rufe shi.

Mun wuce tafkin Kalmalo kaɗan sai ya matso bakinsa kusa da kunnena.

"Kaɗo, ina jin ƙauri."

"Ƙaurin mi?"

"Kamar roba na ƙuna."

"Sabuwar taya ce, haka suke. Kai dai riƙe ragonka."

Can gaba ya sake cewa, "Ƙaurin nan dai bai bari ba." Na ce masa hancin da ya saba da kashin shanu ina ya san warin taya. Ya yi dariya, bai ƙara magana ba.

Akwai wani gangare kafin a hau babbar hanya, ƙasa mai tauri da ƙananan ramuka, da kwana a ƙarshensa. Nan muka faɗa wani rami, sifirin ya danne har ƙasa, sai na ji fam! Bayan babur ya tafi gefe guda, gaba ya tafi wani. Ni na yi tsalle na faɗa cikin rairayi, ban samu komai ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Shi kuwa hannuwansa biyu suna kan rago, bai sake shi ba. Babur ya kwanta a kan ƙafarsa ta hagu, ɓangaren da na sa aka cire murfin sarƙa. Ƙashin ƙwauri ya karye, sarƙa kuma ta ci naman idon sawu.

Da na ɗaga babur ɗin, bai yi ihu ba. Gumi kawai ke zuba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ragon hwa?" Rago na gefe yana kuka, ko ƙwarzane babu.

Wani mai amalanken shanu ya taimaka muka kai shi gari. Aka ɗinke raunin a asibiti, danginsa suka ce ƙashi kuma sai wurin mai ɗori, aka kai shi. Ruwa ya sauka yana kwance a zauren gidana, ƙafa ɗaure da karare. Ranar da garkensu ya tashi, ƙanensa ne ya kora. An zo an gaya masa, ya ce Allah ya kai su lafiya, ya juya fuska bango.

Masu zuwa dubiya kowa ya tambaya, sai in ce taya ce ta fashe. Su ce ƙaddara, in ce ƙaddara. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi layin nan da na gani ba. Bakanikena kaɗai ya ga tayar. Ya bi yankan da yatsa tun daga farko har inda ta buɗe, ya mayar mini da irin tayar da babur ɗin ya zo da ita, ya ɗauko murfin sarƙar daga inda ya ajiye ya ɗaura.

Ƙafa ta warke, amma ta gajarce, kuma idon sawun ba ya lanƙwasa sosai. Damina ta gaba ya gwada bin shanu, daga Ƙonni aka dawo da shi a mota. Bai sake gwadawa ba. Yanzu dillanci yake yi a kara, kasuwar dabbobi, yana zaune a inuwa, mutumin da a da zama ke sa masa ciwon baya.

Sai da aka ɗauki shekaru kafin in gaya masa. Muna zaune a kara bayan la'asar, kasuwa ta watse, na ce, "Ɗan Fillo, tayar nan na san tana ciwo tun kahin in zo ɗaukarka. Na ga inda ƙarhe ke yankarta."

Ya dubi ƙasa, yana zane da sandarsa.

"Na sani, Kaɗo. Tun da muka tashi nij ji tana kuka."

"To mi ya hana ka ce in tsaya?"

"Na hwaɗi sau biyu. Na ukku kuma ai rashin kunya ne. Mutum ya taso tun daga gari don kai, da mainai, ka ce mashi sauke ni abin hawanka bai yi ba?"

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya daɗe da yafewa, in bar zancen, mutane na kallo.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, wanda ka ɗauka a baya ba ya ganin hanya, ba ya riƙe da birki, kuma sau da yawa kunya ba za ta bar shi ya matsa maka ba, balle in alfarma ka yi masa. Duk abin da ka sani game da abin hawanka ka yi shiru, da ƙafarsa kake caca. Waɗanda suka ƙera babur ba don rowa suka sa masa siririyar taya ba. Sun auna rim, sun auna inda sarƙa ke bi, sun bar wurin da ƙafa za ta yi sama in kaya ya danne. Ni na cike wurin da roba don a ce Ingarma.

Har yau ni nake kai shi gida ranar kasuwa in ƙafar ta dame shi. Kafin ya hau, sai ya jingina sanda, ya durƙusa da ƙyar, ya zura yatsunsa tsakanin taya da madigadi. Ba ya kallona. Ni kuma ina riƙe da kan babur, ina jira har ya gama.

Ina ganin samari yanzu suna sa irin tayar nan, suna cire murfin sarƙa don ta samu wuri. 'Ya'yana, don Allah ku bar wa babur tayarsa. In kuma na bayanku ya ce yana jin ƙauri, ku tsaya tun a ta farko.